Cinikin Biri a Sama

Jama'a, wata kasuwa ta kafu a garin Maraɗi wadda ba ta da rumfa, ba ta da sarkin kasuwa, kuma ba ta jiran Litinin ko Jumma'a kafin ta ci. Kasuwar cikin salula ce. A nan samarinmu suke saye da sayar da takalmin kambas, irin wanda 'yan wasan ƙwallo da mawaƙan Amurka suke sawa. Mai sayarwa ya liƙa hoto a WhatsApp ko Facebook ko TikTok, ya rubuta "orijinal", ya sa lambar wayarsa. Mai saye yana can Tibiri ko Jiratawa, ya ga hoto, ya aika da kuɗi, ya zauna jiran mota. Ra'ayina a fili yake: yadda ake gudanar da wannan ciniki, cinikin biri a sama ne. In ba a gyara shi ba zai cinye kuɗin yaranmu, sa'an nan ya cinye abin da ya fi kuɗi, watau amanar da aka san fataken Maraɗi da ita.

Ina asalin abin?

Bari mu fara daga tushe. A shekarar 1984 kamfanin Nike na Amurka ya ƙulla yarjejeniya da wani ɗan wasan ƙwallon kwando mai suna Michael Jordan. A 1985 aka fito da takalmin da ake kira Air Jordan. Samari suka yi ta rububinsa. Kamfanoni suka gane wata dabara: in ka yi takalmi kaɗan, ka cika duniya da talla, to, mutane za su yi layi su kwana a ƙofar kanti. Wanda ya samu sai ya ɓoye nasa cikin kwali, bai ko taka ƙasa da shi ba, ya jira farashi ya hau, ya sayar wa wanda bai samu ba.

Mu nan mun san irin wannan hali. Mun san masu saye hatsi da kaka su kulle cikin sito, sai damina ta yi nisa, rumbu ya ƙare, su fito da shi da tsada. Amma gero dai abinci ne, ƙarancinsa daga fari ko fara yake zuwa. Ƙarancin takalmi kuwa da gangan ake yinsa a ofishin kamfani, don a kunna wa yara wutar kwaɗayi.

Da intanet ta yaɗu, sai aka buɗe manyan kasuwanni musamman don wannan ciniki. An buɗe GOAT a 2015, aka buɗe StockX a birnin Detroit a 2016. Abin ya kai har a watan Afrilu na 2023 gidan gwanjon Sotheby's ya sayar da takalmin da Jordan ya yi wasa da shi a 1998 a kan dalar Amurka miliyan 2 da dubu 200. In ka juya shi zuwa kuɗinmu ya haura sefa miliyar 1. Irin wannan labari shi ne yake shiga kunnen yaro a unguwar Zariya ko Bagalam, ya ce shi ma ya ga hanyar arziki.

Yadda suke yi a can

Ya kai mai karatu, ka lura da tsarin waɗannan kasuwanni, don a nan zancen yake. Mai saye ya taya, mai sayarwa ya sallama. Amma kuɗi ba ya zuwa hannun mai sayarwa nan take, kamfani ne yake riƙe shi. Takalmin kuma ba ya tafiya kai tsaye wurin mai saye. Sai an kai shi wani gida inda ma'aikata suke duba ɗinki da fata da kwali da lamba. In sun yarda na gaske ne su aika wa mai saye, su biya mai sayarwa, su cire la'adarsu, wajen kashi 10 cikin 100. Watau Turawa sun sake ƙirƙiro dillali ke nan, sun sa shi cikin na'ura.

To, duk da wannan tsaro, an tsira? Ina! A 2022 kamfanin Nike da kansa ya kai StockX kotu, ya ce ya sayi takalma ƙafa 4 a wurinsu, an duba an sa musu shaida, ashe jabu ne. A cikin wannan shekara kuma wani kamfani mai suna Zadeh Kicks a jihar Oregon ya rushe. Yana karɓar kuɗin mutane kafin takalmi ya fito, da alkawarin zai kawo. Hukuma ta ce kuɗin kayan da bai kawo ba ya haura dalar Amurka miliyan 70. Akwai wani samfuri da ya sayar da fiye da ƙafa 600,000 alhali abin da ya samu bai wuce wajen 6,000 ba. Daɗin daɗawa, daga 2022 zuwa gaba farashin takalma da yawa ya faɗi a waɗannan kasuwanni, masu ɓoyo suka wayi gari da kwalaye cike da ɗaki, suna sayarwa ƙasa da yadda suka saya.

In haka ta faru a ƙasar da ake da masu dubawa da lauyoyi da rasit, yaya ke nan a wurinmu, inda shaidar ciniki duka ita ce hoto da saƙon murya?

Yadda muke yi a nan

Mun kwaikwayi cinikin, mun bar tsaron. Yawancin masu talla a salula ba su da takalmin a hannu. Hoton ma ba su suka ɗauka ba, daga shafin wani suka kwafo. Sai ka biya, sa'an nan ya buga wa wani a Kano ko Lome ko birnin Guwanzu na ƙasar Sin, ya ce a sa masa ƙafa ɗaya cikin kaya. Kai kuwa ka riga ka je gidan aika kuɗi ka zuba, ko ka tura ta waya. Daga nan ba ka da iko da kome. In takalmi ya zo lamba 41 alhali kai 43 kake sawa, sai haƙuri. In launin ya bambanta da na hoto, a ce maka hasken kyamara ne. In gindin ya ɓare bayan sati 2, a ce tafiyarka ce ba ta da kyau. In kuwa bai zo ba sam, ka buga lamba ka ji a kashe.

Hanyar kayan ma ba tabbas gare ta ba. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta na 2019 har Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an sake rufe hanyar Ɗan Isa da Jibiya wata da watanni, hanyar Kwatano ma ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome. Babban ɗan kasuwa mai jari yana iya jure irin wannan jinkiri. Yaron da ya karɓi kuɗin mutum 20 ya tura, kayan suka maƙale, da me zai biya su?

Mu yi lissafi

Ga wani lissafi da ko ɗan ajin yaƙi da jahilci zai iya yi. Sabon Air Jordan na gaske, a kantin kamfaninsa a Amurka, kuɗinsa wajen dalar Amurka 180 ne, watau kusan jika 100. Ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa na duwan ba, ba a sa ribar mai kawowa ba. Albashi mafi ƙanƙanta da hukumar Nijar ta tsayar daga farkon 2024 jika 42 ne a wata. Ashe ke nan takalmi ƙafa ɗaya ya fi albashin wata 2. To, in wani ya ce zai ba ka sabo ful, cikin kwalinsa, a jika 15 ko 20, wane irin orijinal ne wannan? Ko dai kwaikwayo ne, ko na gwanjo ne aka wanke aka goge, ko kuwa babu shi ma sam. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kwaikwayon takalmi kuwa sana'a ce babba a duniya. Birnin Putian na ƙasar Sin ya yi suna a kanta. Wani rahoto da ƙungiyar OECD ta fitar a 2019 ya nuna cewa cikin kayan jabu da ma'aikatan duwan suka kama a duniya, takalmi ne a gaba, da kashi 22 cikin 100. Wanda bai tsaya a tashoshin Turai ba, ina kuke tsammani yake zuwa?

Abin da masu cinikin suke cewa

Na san amsarsu, kuma ba zan ɓoye ta ba. Suna cewa: "Babu aiki. Mun gama lakkwal, wasunmu har jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ba mu da jarin kama shago. Salula ita ce rumfarmu." Wannan magana tana da nauyi. Neman na kai ya fi zaman kashe wando, kuma ba wanda ya ce a jefar da salula. Sai dai rashin jari ba ya halatta yin jari da kuɗin wani ba da saninsa ba. In kai ɗan aike ne, ka ce kai ɗan aike ne, ka faɗi ladanka, ka faɗi ranar da kaya zai iso. Malamanmu sun daɗe suna karantarwa cewa ba a sayar da abin da ba a mallaka ba, kuma in za a biya kuɗi kafin kaya, lalle ne a fayyace irinsa da yawansa da lokacin kawo shi. Wannan hukunci bai tsufa don an yi waya ba.

Suna kuma cewa: "Ai kowa ya san ba na gaske ba ne." In kowa ya sani, don me kake rubuta orijinal? Ka rubuta don akwai wanda bai sani ba, kuma shi kake hari. Shi ne yaron Jiratawa da ya yi rani yana ban ruwa a fadama, ya tsinki zogale ya kai kasuwa, ya tara jika 20. Shi ne ɗan kabu-kabun Tibiri da bai iya karanta abin da aka rubuta a harshen takalmi ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wanda aka ce masa tukunya ce, an cuce shi. Kwaikwayo ba laifin mai sawa ba ne in ya saya da saninsa a kan farashin kwaikwayo. Laifin yana wurin mai canza masa suna.

Da me aka gina Maraɗi?

Garin nan bakin iyaka ne, kuma da fatauci ya tashi, daga zamanin gyaɗa har zuwa zamanin alhazai masu tura kaya Kano da Katsina. Da yawansu ba su taɓa shiga aji ba, amma ana ba su kayan miliyoyi bashi da magana ɗaya. Me ya sa? Don kowa yana da mai gida, kowa yana da mai tsaya masa. Je ka kasuwar dabbobi ka gani. Dillali ya san mai akuya, ya san mai saye, in ta fito ta sata shi za a kama. La'adarsa kuɗin wannan lamuni ne. Kasuwar salula ta kori mai lamuni, ta bar yaro da baƙon da bai san ko unguwarsa ba. Kowane ɗan Tibiri da aka cuta, gobe ba zai yarda da ɗan birni ba, ko da mai gaskiya ne. Ɓarnar da ta fi damuna ke nan.

Akwai kuma wani abin kunya. Jar akuyar Maraɗi fatarta ta yi suna har Turai, masu yin safar hannu da jakunkuna da takalma masu tsada suna nemanta. A shekarun 1970 har masana'antar jima muke da ita a garin nan, SONITAN, wadda ta tsaya tuntuni. Muna fitar da fata ɗanya da araha, muna sayo roba da tsada, muna alfahari da sunan wani da aka liƙa a jiki. Dukawanmu kuwa suna zaune a rumfa suna jiran ciniki. Saurayin da ya iya ɗaukar hoto mai kyau, ya iya jawo mutum 1,000 su kalli shafinsa, me ya hana shi tallata aikin dukawa ga mutanen Yamai da Abija da Akara? A nan kaya yana hannunsa, ya san wanda ya ɗinka, in ya ɓare ya san inda zai mayar.

Abin yi

Ga mai saye: gani ya kori ji. Kada ka biya duka sai ka riƙe takalmi, ka sa ƙafarka ciki. In lalle sai an ba da kafin alƙalami, a ba da kaɗan, a gaban shaida. Ka tambayi rumfar mai sayarwa ko gidansu ko mai gidansa. Wanda ya ƙi faɗa, ka bar shi da hotonsa. Ka adana rasit ɗin aika kuɗi da saƙonnin da kuka yi, don in ta ɓaci su ne hujjarka gaban hukuma. Wanda bai iya karatu ba ya nemi mai karanta masa kafin ya tura ko dala ɗaya.

Ga mai sayarwa: ka kira kowane kaya da sunansa. Sabo sabo ne, gwanjo gwanjo ne, kwaikwayo kwaikwayo ne. Ka ɗauki hoton abin da ke hannunka da kanka. In lamba ba ta yi ba ka karɓa ka canza. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a garin da kowa ya san kakan kowa.

Ga shugabannin 'yan kasuwa: waɗannan yara 'ya'yanku ne, sana'arku suka gada ko da ba su da rumfa. Ku tara su, ku rubuta sunayensu, ku naɗa musu shugaba. Ku ware amintaccen mutum a babbar kasuwa, da wani a Tibiri, da wani a Jiratawa, wanda zai riƙe kuɗi har kaya ya iso, a ba shi 'yar la'ada. Abin da kamfanonin Amurka suka kashe miliyoyi suka gina ke nan, mu kuwa mun gaje shi kyauta daga kakanni.

Ga iyaye kuma: in kun ga ɗanku da kuɗin da ba ku san kayan da ya sayar ba, ku tambaye shi. In kun ga ya sa takalmin da ya fi ƙarfin samunsa, nan ma ku tambaya. Tambayar yau ta fi zuwa beli gobe.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba samarinmu sana'a mai albarka, ya tsare mu da cin haƙƙin juna, amin.