Waya ba ta ɗaura wa majinyaci ruwa

Duk taron da masu ba da agaji suka zauna kan lafiyar mutanen karkara, maganar ba ta wuce ɗaya: a ƙirƙiro manhaja, a haɗa ƙauye da likitan birni ta waya, shi ke nan an huta. Ni dai ban yarda ba, kuma Khartum da Omdurman sun ishe ni hujja.

Masu wannan tsari sun ɗauka birni ba ya faɗuwa. To, ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF a tsakiyar Khartum, inda manyan asibitoci da ƙwararrun likitocin ƙasar suka tattaru. Likitoci da dama suka tsere Masar da Saudiyya. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke. A unguwanni da yawa sai mutum ya taka zuwa wajen mai intanet ɗin Starlink, ya biya kuɗin awa guda, ya tsuguna a bakin shago yana jiran saƙo ya shiga. Matar da naƙuda ta zo wa da gardama cikin dare, wa zai kai ta can?

A Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka kai hari tashoshin lantarki, famfo ya ƙafe, mutane suka koma ɗiban ruwan Nilu, kwalara ta bazu a jihar Khartum. Mai kwalara ruwa yake zubarwa ta sama da ta ƙasa. Idan idonsa ya faɗa, fatarsa ta yamutse, sai an samu mai hannu ya lalubo jijiya ya ɗaura masa ruwa.

Likitocin Sudan da ke ƙetare sun ba da shawara ta WhatsApp, Allah ya saka musu. Amma shawarar ta yi rana ne inda akwai mai aiwatarwa: ma'aikatan asibitin Al-Nau na Omdurman da suka ƙi guduwa, da matasan unguwa 'yan sa kai da suka kafa ɗakunan agajin gaggawa.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana zancen sayo wa asibitin ƙauyen da babu ungozoma kwamfutoci. Ma'aikatun lafiya na Kano da Katsina da Maradi su fara biyan malamin asibiti albashinsa kan kari, su kafa sola, su cika ɗakin magani, su haƙa rijiyar burtsatse. In kuɗi ya yi saura, a sayi wayar.