CIWON KAFAƊA: TAUSA KAƊAI BA TA ISA BA

Zuwa ga Edita,

Ga ni kuma a ɗan filin nan da ka saba ba ni. Maganata ta yau da 'yan'uwana akawuna ce, da malaman makaranta masu yini hannu sama suna rubutu a allo.

Watannin baya kafaɗata ta dama ta tasa ni gaba. In na miƙa hannu zan sauko da fayil daga kanta, sai in ji kamar an soka mini basilla. Da dare kuwa ba dama in kwanta a kanta. Na tafi wurin wani mai tausa, ya murje ni da man kaɗanya har na yi ƙwalla. Kwana biyu na sami sauƙi, ran na uku ciwo ya komo.

Da na ga abin zai taɓa mini abincina, sai na nufi asibiti wurin masu gashi. Can aka fahimtar da ni cewa tsoka 4 ke riƙe da gaɓar kafaɗa, jijiyoyinsu kuwa suna bi ta ƙarƙashin wani ƙashi da ya yi wa gaɓar rumfa. In jijiya ta wahala ta kumbura, ɗaga hannu sai ya dame ta. Don haka zafin ya fi tsanani sa'ad da hannu ya zo daidai kafaɗa, in ya wuce can sama sai ya lafa. Wani likitan Amurka, Charles Neer, shi ya bayyana cutar a 1972.

Ma'aikacin bai murje ni ba. Ya kama hannun a hankali, ya ɗan ja, ya motsa kan ƙashin cikin gurbinsa, ya sassauta naman bayan kafaɗa. Sa'an nan ya ce aikin hannunsa rage zafi ne na ɗan lokaci, don in iya motsa jiki, ragowar aikin nawa ne. Ya koya mini hawan bango da yatsu, da jan roba gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Mako 12 na yi ina yi. Sannu ba ta hana zuwa, ga shi yau ina sa riga ba taimako.

Masu ɗokin fiɗa kuma su dakata. A 2018 jaridar likitoci Lancet ta buga gwajin da aka yi a Ingila kan mutum 313. Waɗanda aka kankare musu ƙashin ba su fi waɗanda aka leƙa gaɓar kawai samun sauƙi ba.

Amma fa jama'a a kula. Wanda ya fāɗi hannu ya ƙi ɗaguwa, ko gaɓa ta kumbura da zazzaɓi, ko ciwon ya zo da nauyin ƙirji da haki, kada ya tsaya wurin mai tausa, ya yi maza asibiti.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.

Ni ne naku,
Akawunku na kullum.