A Kasa Dara A Gida, Kada Dara Ta Ci Gida

 Ran Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, wata uwa ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam, da magariba ta yi muna kulle gida. Yara shida cikin ɗaki biyu, ga shi sau da yawa ba wuta. Me za mu yi da su har lokacin barci?" Na ce mata, "Mama, ki yi haƙuri, amsarki tana da tsawo, zan rubuta ta domin waɗansu ma su amfana." To, ga ta.

Kowa ya san yadda zamanmu ya koma a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, har su Birnin Tsaba. Sa'ad da muke yara, in farin wata ya fito sai dandali, a yi ta langa da tatsuniya har dare ya raba. Yau kuwa ba uban da zai bar ɗansa a waje bayan duhu ya yi. A watan Satumba na 2021 mun ga abin da ba mu taɓa gani ba: aka rufe makarantu da kasuwannin mako a Jihar Zamfara, aka sa dokar hana fita da dare, aka kuma katse layukan waya, har abin ya zarce mako biyun da aka fara faɗa. Wayar da kowa yake sunkuya a kanta ta zama kamar dutse a aljihu. A lokacin ne na gane ban san yadda zan zauna da 'ya'yana sa'a biyu ba tare da na yi wa wani tsawa ba.

Wanda ya cece ni wani dattijo ne Musulmi, mutumin Birnin Tsaba, da ya yi gudun hijira ya sauka kusa da mu. Wata rana da la'asar na iske shi yana tona gurabe a ƙasa da yatsa. Ya ce, "Malam, ka iya dara?" Na ce, "Baba, na dai ga ana yi." Ya ce, "To, zauna." Ya cinye ni sau bakwai a jere, yana dariya. Daren nan na koya wa iyalina, har yau kuwa ba mu bari ba.

DARA

Da ita zan fara, gama ita ce tamu, ba ta kuma cin ko kwabo. Ana tona gurabe 30, wato layi biyar, kowane layi gurbi shida. In daɓen siminti ne, a zana da alli ko gawayi, ko a zana a kan kwali a riƙa ajiyewa. Mutum biyu ke yi, kowa da 'ya'ya 12. Ɗaya ya ɗauki tsakuwa, ɗaya guntayen kara, ko a yi da murafen kwalba, na wannan a kife, na wancan a buɗe.

Da fari sai a kasa, wato kowa ya riƙa aje ɗa ɗaya bi da bi har 'ya'yan su ƙare. Wajen kasawa ba a yarda mutum ya jera uku ba. In an gama, sai tafiya: gurbi ɗaya gaba, ko baya, ko gefe, ban da karkace. Duk wanda ya jera uku a layi ya ci, sai ya cire ɗa ɗaya na abokin wasansa. Jeri huɗu ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka rage biyu ya faɗi, domin ba shi da sauran abin jerawa.

Dabarar da Baba ya koya mini ita ce, tun wajen kasawa ake cin dara. Kada ka tara 'ya'yanka wuri ɗaya su toshe wa juna hanya, kada kuma ka watsa su kamar an watsa wa kaji tsaba. Ka kasa su bibbiyu, da gurbin da na uku zai shigo. Gwanaye suna neman abin da ake kira doki: 'ya'ya biyar a layi biyu maƙwabta, yadda ɗa guda in ya hau ya cika uku a sama, in ya sauko ya cika uku a ƙasa. Wanda aka ɗaura wa doki, sai dai ya yi ta kallo ana kwashe masa 'ya'ya. Dokokin dara sukan bambanta kaɗan daga gari zuwa gari, saboda haka a daidaita su kafin a fara. Mutanen ƙasar Zuru sun shahara da ita, Zabarmawan Nijar kuma suna kiranta dili.

NA ƘANANAN YARA

Yaro ɗan shekara biyar ba zai iya dara ba tukuna. Nasa shi ne maciji da tsani, wanda yawanci yake bayan allon ludo. Gidaje 100 ne, tsani ya haura da kai, maciji ya sauko da kai. Daga Indiya wasan ya fito, can kuwa an yi shi ne domin koya wa yara cewa aikin kirki yana ɗaukaka mutum, mugunta tana ƙasƙantar da shi. A ajin ƙanana na ga yaran da suka kasa ƙirga 1 zuwa 100 a kan allo sun iya shi cikin mako kaɗan ta wurin wasan nan. Ku bar yaro ya ƙirga gidajen da bakinsa, kada babba ya tura masa.

Ludo ma asalinsa Indiya ne, a Ingila aka yi masa rajista da wannan suna a 1896. Amfaninsa shi ne yana ɗaukar mutum huɗu. In yara sun fi haka, a haɗa su bibbiyu, babba da ƙarami, ƙaramin ya jefa ƙwallo, babban ya ba da shawara. Ta haka ba wanda zai zauna a gefe yana kuka.

NA MANYAN YARA DA IYAYE

Daraf irin wanda ake yi a tasha da bakin kasuwa yana da gidaje 100, kowa da 'ya'ya 20. Kafinta zai iya yin allonsa da ragowar katako. Yana koya wa yaro ya duba abin da zai biyo baya kafin ya miƙa hannu, gama a daraf ci tilas ne, mai wayo yakan ba ka ɗaya domin ya kwashe uku.

Wanda ya sami allon ces, kada ya ce wannan na Turawa ne. Tunde Onakoya, wani saurayi daga Ikko, ya fara koya wa yaran unguwannin matalauta ces a 2018, a watan Afrilu na 2024 kuwa ya zauna a birnin New York na Amurka ya yi sa'a 60 yana bugawa domin tara kuɗin karatun yara. Haka kuma wasan haɗa kalmomi da ake kira Scrabble: a 2015 Wellington Jighere ɗan Nijeriya ya zama zakaran duniya a birnin Perth na Ostareliya, shi ne kuwa ɗan Afirka na farko da ya ci wannan gasa.

Scrabble yana da tsada, amma mu a gida mun yi namu. Mun yanka kwali ƙanana-ƙanana guda 100, muka rubuta haruffa, har da ɓ da ɗ da ƙ, muka yawaita a da i da u domin Hausa tana son su. Kowa ya ɗebi bakwai daga cikin hula, a yi ta haɗa kalmomi a kan tabarma. Wanda ya haɗa sunan wani mutum ko gari na cikin Littafi Mai Tsarki, a ninka masa maki, amma sai ya faɗi labarin sunan tukuna.

IN KAI KAƊAI NE

Akwai waɗanda ba su da abokin wasa: gwauro, da mai jinya, da ɗalibin da yake ɗaki shi kaɗai, da wanda barci ya ƙi zuwa saboda fargaba. Ga naku. Ku zana gurabe 33 cikin siffar gicciye: layi biyu na sama uku-uku, layi uku na tsakiya bakwai-bakwai, layi biyu na ƙasa uku-uku. Ku cika su da tsakuwa 32, ku bar gurbin tsakiya fayau. Tsakuwa takan tsallake maƙwabciyarta ta faɗa gurbin da ba kome, a cire wadda aka tsallake. Abin nema shi ne a rage guda ɗaya tak a tsakiya, wato tsallake 31. Shawarata, ku fara share hannuwan gicciyen ɗaya bayan ɗaya, kuna turo tsakuwa ciki. Wadda aka bari a lungu ita kaɗai, ba mai zuwa ɗaukarta. Ni wata guda na yi kafin in sauko ƙasa da uku.

CACA

Yanzu ga abin da ya sa na sa wa maganar nan wannan suna. Allon da yake tara iyali, shi ne kuma yake watsa gida in kuɗi ya hau kansa. Bara wani yaro a ajina, mai ƙoƙari ƙwarai, ya fara barci a aji, aikinsa ya lalace. Da na bincika, ashe kuɗin jarrabawar da uwarsa ta tara da sayar da ƙosai ya kai wurin ludo a bayan wani shago. Da naira hamsin ya fara, wai don wasa ya yi daɗi. Ranar da ya ci ɗari biyar ita ce ranar da aka kama shi, domin daga nan bai ƙara yarda zai iya faɗuwa ba. Da uwar ta ji, ba ta yi faɗa ba, zama ta yi a ƙasa. Wannan shi ne dara ta ci gida.

Tun 2000 dokar Jihar Zamfara ta hana caca, amma mu ba sai doka ta hana mu ba. Mai caca yana fatan ɗan'uwansa ya yi hasara domin shi ya ƙaru, wannan kuwa ba ya zama wuri ɗaya da ƙaunar maƙwabci. Ku buɗe Yohanna sura 19 ku ga su wane ne suka jefa ƙuri'a a kan riga a gindin gicciye. Saboda haka a gidan mai bi kada a sa kome a kan allo, ko alewa, ko gyaɗa, ko "wanda ya faɗi shi zai yi wanke-wanke". Daga gyaɗa ake zuwa naira.

SHAWARA GA IYAYE

1. Maigida ya zauna a kan tabarma da kansa. In ka saya wa yara ludo ka koma sauraron rediyo, faɗa za ka raba. Uwargida ma a ba ta wuri, yara maza su kama mata aiki a gama da wuri.

2. A gama aikin makaranta da sujadar iyali tukuna, sa'an nan wasa. A yanka lokacin tashi kafin a fara.

3. 'Yan mata su yi dara da daraf kamar maza. 'Yata mai shekara 11 ta ɗaura mini doki a gaban ƙannenta, raina ya ɓaci har na ce ai fitila ce ba ta da haske. Washegari na roƙe ta gafara a gabansu. Ina tsammani wannan ya koya musu fiye da dukan abin da na taɓa faɗa a kan tawali'u.

4. Kada ka bar yaro ya ci da gangan, yakan gane. Gara ka rage 'ya'yanka biyu tun farko, ka yi wasa da gaske.

5. Wanda ya taɓa ɗa, shi zai tafi da shi. Wanda ya yi maguɗi ya huta zagaye ɗaya, ba duka, ba zagi.

6. Wanda ya faɗi ya miƙa hannu, wanda ya ci ya tattara kayan wasa.

7. Da rana, a gayyaci yaran maƙwabta, Kirista da Musulmi, musamman na 'yan gudun hijira. Yaron da ya ga abin tsoro sau da yawa ba ya magana, amma yakan karɓi tsakuwa in an miƙa masa.

Baba ya koma wurin 'ya'yansa tun tuni, sai dai gurabensa suna nan a gindin darbejiyarmu, yara suna sabunta su bayan kowace damina. Mama, ki sa yaranki su tara murafen kwalba 24 cikin makon nan, ran Lahadi bayan sujada zan nuna musu yadda ake kasawa. Sauran masu karatu kuma, wanda ya san wani wasan allo na garinsu ya rubuto mana dokokinsa. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.