Keke Ba Ya Shan Mai, Amma Yana Ci

Ɗan yayata da ke karatu a Damaturu ya zo hutu, wata rana bayan la'asar ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, dubi wannan." Bidiyon wata hanya ce a yankin Wels na Birtaniya. Ruwa kwance a gefe guda, tsauni kore shar a ɗaya gefen, wani dattijo da matarsa suna tafe a kan kekuna, babu mota ko ɗaya. Ya ce shi da abokansa suna son su fara irin wannan fita ran Asabar, su nufi kudu wajen Fika da Gadaka, su ga tuddai da ruwa su dawo. Sai ya rufe da maganar da nake ji a kowace majalisa tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023: keke ba ya shan mai, ga lafiya, ga arha.

Ina ƙaunar keke, kuma na san hakkinsa a kaina. Lokacin da aka hana hawan babur a Yobe a 2012 saboda rashin tsaro, dokar da ta haura shekara goma kafin a sassauta ta, keke ne ya riƙa kai ni aiki, ya ɗauko mini tiyar hatsi daga kasuwa. Don haka ne ma nake jin ciwo idan masu yawo a mota suka ce kyauta ne. Wanda ya hau shi shekara da shekaru a garin nan na Potiskum ya san ana biya, sai dai ba a gidan mai ba.

Na fara wa yaron da hanyar da ya nuna mini, domin shirun da ya burge shi sayensa aka yi. Ɗaya daga fitattun hanyoyin nan tana bin bakin kogin Mawddach, daga garin Dolgellau zuwa gaɓar teku a Barmouth, kimanin kilomita 15. Tsohon layin dogo ne da aka rufe a 1965, aka kwashe ƙarafan, aka gyara turbar domin masu keke da masu tafiyar ƙasa. Ƙungiyar Sustrans, wadda ta samo asali a Bristol a 1977, ta samu fiye da fam miliyan 40 a 1995 daga asusun cacar ƙasarsu don shimfiɗa irin waɗannan hanyoyi a faɗin Birtaniya. A 2013 majalisar Wels ta yi doka ta wajabta wa ƙananan hukumomi tsara hanyoyin keke da na ƙafa, a Satumban 2023 kuma aka mayar da gudun mota a yawancin titunan unguwanni mil 20 a awa. Dattijon nan na bidiyo yana tafe ne a kan kuɗi da doka na shekaru masu yawa.

Mu kuwa arzikin Potiskum a kan babbar mota yake. Hanyar Kano ta Azare, ta Bauchi, ta Gombe, ta Gashuwa da ta Maiduguri duk a nan suka haɗu. Ran Laraba, ranar kasuwar shanu, tireloli ne jere suna lodi zuwa kudu, ga na hatsi, ga tankokin mai. Ba na fatan ranar da za su ragu, domin da su gari yake ci. Amma wanda bai taɓa jin tirela ta wuce shi yana kan keke ba, bai san abin da ake nufi ba. Ƙahon farko kake ji a ƙeya. Ka leƙa gefen kwalta, ka ga bakin ya gutsure, tsakaninsa da ƙasa ya kai taƙi guda, yashi a ƙasan. In ka sauka da gudu tayar gaba ta nutse ka kifa, in ka tsaya a kan titi iskar motar ta fizge ka. Sai ka ƙanƙame kan keken kana salati har ta gifta, ka bi bayanta cikin ƙura da warin kashin shanu, gabanka yana dukan uku-uku. Ko inda aka mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye, faɗin ya ƙara wa direbobi gudu ne, ba a ware wa mai keke ko kamu ɗaya ba. Marigayi Ojo Maduekwe, yana ministan sufuri a 2001, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma wa keke, ya hau da kansa a Abuja, wata bas ta tura shi cikin kwata. Shi minista ne, a birnin da ya fi ko'ina kyawun titi.

Yaron ya ce ai ba babbar hanya za su bi ba, ta ƙauye za su bi. To, a nan ne aljihu yake fara magana. Hanyar ƙauye a ƙasarmu burji ce ko turbar amalanke, rani yashi, damina taɓo da zaizayar ruwa. Ga tsidau, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa. Akwai wani dattijo mai faci da na daɗe ina zuwa wurinsa, yana zama a gindin darbejiya da kwanon ruwa da famfo da gwangwanin gam. Wata rana ya zaro tif ɗina ya hura, ya tsoma a ruwa yana juyawa a hankali, kumfa tana tasowa nan da can, yana soka tsinken ashana a kowace huda don kada ta ɓace masa. Da ya ƙirga ya ɗago ya ce, "Malam, wannan faci ya fi tif yawa. Ka yi haƙuri ka sayi sabo." Na ce, "Baba, a lallaɓa dai zuwa ƙarshen wata." Ya lallaɓa, bai kai sati ba. Kowane faci ƙaramin kuɗi ne, shi ya sa ba a sa shi a lissafi. Tara shi da na taya, da sarƙar da yashi ya cinye, da boris, da robar burki, da silin da ya karye garin ɗaukar buhu a kariya, za ka ga inda kuɗin man da aka tsira da shi ya bi. Kayan nan kusan duk daga waje ake shigo da su, China ko Indiya, kuma faɗuwar naira ba ta tsallake su ba. A da kamfanin Raleigh yana haɗa keke a Kano, har malamin makaranta kan yi tanadi ya sayi sabo dal. Yau mai albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000 sai dai ya duba na gwanjo, shi ma sai ya yi shawara da tukunyar gidansa.

Sai jiki. A Wels lokacin zafinsu ma'auni yakan tsaya kusa da digiri 20. A nan watan Afrilu yana haura 40, kuma shekarun nan azumi yana faɗowa cikin zafi ko daf da shi. Da hunturu ƙura ce a maƙogwaro da ido. Man keke tuwo ne da ruwa, wanda ya karya da kokon naira kaɗan kuwa ba shi da rarar ƙarfin da zai ƙona. Manomin da ya tuƙo daga wajen Nangere da buhun gero a baya, ya koma da yamma, motsa jiki bai dame shi ba, hutu yake nema. Bishiyoyin gefen hanya da za su ba shi inuwa, da yawa sun tafi a gawayi da itacen girki.

Akwai kuɗin da ba a faɗa da ƙarfi, na mutunci. Magidanci ya zo ɗaurin aure a kan keke, babbar riga a naɗe a kafaɗa, bakin wando cuse cikin safa, sai ka ga inda ake nuna masa ya ajiye da inda ake shimfiɗa masa ya zauna. Na sha gani, na kuma ɗanɗana. 'Yan mata ƙanana suna hawa zuwa islamiyya, amma da wuya ka ga matar aure a kai, wato rabin gari ba sa cikin wannan arhar tun farko.

Abin da ya fi yi mini nauyi na bar shi ƙarshe, don ban so in tsorata yaron. Shi bai yi wayo sosai ba lokacin da aka kai hari kasuwar shanu a watan Mayun 2012, ko ranar 10 ga Nuwamba, 2014 da bam ya tashi cikin ɗalibai a makarantar sakandaren kimiyya ta garin nan. Mu da muka gani, hanyar da ta yi tsit ba ta kwantar mana da hankali. In ka yi tafiyar rabin awa ba ka gamu da mai amalanke ko mai tallan nono ba, zuciya takan fara tambaya. Alhamdu lillahi, zaman lafiya ya dawo sosai, amma samari goma baƙin fuska da jakunkuna a baya, in suka ratsa ƙauye ba sanarwa, dole 'yan banga su tare su, kuma da gaskiyarsu. Sai an je an gaida mai unguwa, an faɗi ɗan wane ne, an faɗi abin da ya kawo su.

Ban hana shi ba. Na ce su fita da asuba bayan salla, su guji Laraba, su sa riga mai haske, kowa ya riƙe tif na ajiya da famfo da ruwa galan guda, su kuma aika wa dangin wani abokinsu na Gadaka tun ana jibi. Na ce in suna da ƙarfin murya, su kai ta inda ake rabon kwangila, su nemi a gyara kafaɗar titi daga gari zuwa ƙauyukan kusa, a dasa darbejiya a bi ta da ban ruwa, domin manomi da ɗan makaranta da mai kai madara su ne a kan hanyar kullum. Ya yi shiru yana jujjuya wayar, can ya ce, "Kawu, keken naka yana nan?" Yana nan a zaure, jingine da bango, tayoyin biyu a kwance. Washegari da safe muka tura shi tare zuwa gindin darbejiya.