Ƙararrawar gobara a Mboppi: wa zai kula da ita?

Duk sanda wuta ta tashi a wata kasuwa ta Duwala, shawara ɗaya ce ke fitowa daga bakin jama'a: a kafa na'urorin gargaɗi. Shawarar ba ta da aibu. Gobarar da ta cinye shaguna cikin dare a Kasuwar Kongo a Fabrairun 2019, da wadda ta ci Kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris na 2016, sun isa hujja, ita kanta Mboppi kuma ta ga wuta ba sau ɗaya ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, aka ce, shafa wa naka ruwa. Sai dai ni a ganina, kafa na'ura ba tare da an tsayar da mai kula da ita ba ya fi rashinta haɗari, domin zai sa 'yan kasuwa su yi barci bisa amanar abin da ya daɗe da mutuwa.

Kasuwa mai faɗin Mboppi ta fi ƙarfin akwati guda. Kowane ɓangare yana buƙatar akwatin sarrafawa nasa, daga cikinsa waya ta fita ta zagaya shaguna ta dawo, tana ɗauke da masu sansano hayaƙi, da masu jin zafi, da maɓallan da mutum ke dannawa da hannu, da jiniya. Kowace na'ura tana da lambarta, saboda haka akwatin zai nuna ainihin layin da hayaƙi ya tashi. Akwatunan kuma a haɗa su da juna a da'ira, yadda in waya ta tsinke a gefe ɗaya saƙo zai bi ta ɗayan ya isa ɗakin masu gadi.

Raunin wannan tsari yana cikin batir. Akwatin yakan ɗauki batir biyu masu bolt 12, kuma ƙa'idar Amurka ta NFPA 72 ta nemi su riƙe shi awa 24 bayan an ɗauke wuta, sannan su iya kaɗa jiniya na minti biyar. Irin wannan batir yakan yi shekara uku zuwa biyar a ɗaki mai sanyi. Zafi kuwa yana cin ransa: ƙarin maki goma a ma'aunin zafi kan rage kwanansa da kusan rabi. To, a auna ɗakin kwano a Duwala da rana tsaka, ga kuma ɗaukewar wutar lantarki da ke tatse shi akai-akai. Abin takaicin shi ne, batirin da ya gaji ba ya nuna alama a fuska. Sai an gwada shi da kaya a kansa ake gane ya ƙare.

Sai ƙura da laima. Ƙurar yadi da kwali tana shiga cikin mai sansano hayaƙi, ya riƙa ihun ƙarya. Mai gadin da aka tayar sau uku a banza, a na huɗu zai kashe jiniyar, ni kuma ba zan ga laifinsa ba. Ruwan saman garin, da ya haura milimita 3,500 a shekara, shi kuma yana cin bakin wayoyi da tsatsa. Akwatin zai kunna fitila ruwan ɗorawa don ya sanar da matsala, amma fitila ba ta gyara kanta.

Saboda haka ƙungiyoyin 'yan kasuwa da hukumar birni su fara da abin da ba shi da armashi. A ware kuɗin kulawa daga harajin shaguna tun kafin a sayi ko da waya guda. A naɗa mutum sananne da zai danna maɓalli ɗaya kowane mako, ya rubuta sakamakon a littafi, a rubuta ranar sa kowane batir a jikinsa. A kuma tabbatar mai gadin dare ya iya karanta allon akwatin, yana da wayar da zai kira 'yan kwana-kwana a lamba 118, kuma an bar wa motarsu hanyar shiga tsakanin tebura.