Ra'ayinmu: Kafin a Haɗa Jaka, a Fara Sanin Mutanen Gari

A taron ƙungiyarmu na makon jiya mun yi wa juna wata tambaya: in yau aka ba ka tikitin jirgi zuwa wata ƙasar Larabawa, ina za ka, kuma me za ka fara shiryawa? Mafi yawanmu suka ce Saudiyya ko Dubai. Da wata 'yar aji biyar ta ce Labanan, sai aka yi tsit, can wani ya ce, "Ai duk ɗaya ne, Balarabe Balarabe ne." Wannan magana ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin a ganinmu duk wanda ya kama hanya da wannan tunani ya tafi ba shiri, ko da jakarsa ta cika.

Labanan ba baƙuwarmu ba ce. Kwarorin da suka daɗe suna kasuwanci a Kano, har aka san Kantin Kwari da sunansu, da yawansu daga can iyayensu suka zo. Ƙasar tana bakin Bahar Rum, tana iyaka da Siriya da Isra'ila, kuma faɗinta murabba'in kilomita 10,452 ne, wato kusan rabin Jihar Kano. Amma a cikin wannan ɗan fili hukuma ta amince da ɗariku da mazhabobin addini har 18. Akwai Sunni da Shi'a da Duruz, akwai Kiristoci kashi-kashi, ciki har da Maroniyawa da Armeniyawa. Tun 1943 aka raba manyan muƙamai: shugaban ƙasa Kirista Bamarone, firaminista Sunni, kakakin majalisa Shi'a. Kujerun majalisa 128 ma rabi na Musulmi ne, rabi na Kirista. A tsakiyar Bairut, babban birnin ƙasar, Masallacin Muhammad al-Amin yana kafaɗa da kafaɗa da wata babbar majami'a.

Wani zai ce wannan darasin tarihi ne, ina ruwan matafiyi? Da ruwansa. Suturar da ba a ɗaga wa ido a wata unguwar Bairut tana iya jawo kallo a Tarabulus ta arewacin ƙasar. Gidan abincin da ka shiga yana iya sayar da abin da ba ka ci, saboda haka sai ka tambaya. Direban tasi mai jin Larabci garau wataƙila ranar Lahadi yake ibada. Ƙasar ta yi yaƙin basasa daga 1975 zuwa 1990, kuma tabon bai gushe ba, don haka baƙon da ya buɗe baki yana tambayar mutum ɗarikarsa ko jam'iyyarsa ya taɓo inda ke ciwo. Larabcin da muke koya a aji zai yi amfani wajen karanta alamun hanya da jarida, amma na kasuwa daban ne, kuma mutane da yawa suna haɗa shi da Faransanci da Ingilishi.

Sai maganar aljihu da takardu. Tun rikicin kuɗi na 2019 kuɗin ƙasar ya yi mummunar faɗuwa, yawancin ciniki ya koma na dalar Amurka a hannu. Wutar lantarki ma ba ta tsayawa, gidaje da yawa sun dogara da janareta, abin da mu ba sai an yi mana bayani ba. Wanda fasfonsa ke ɗauke da hatimin Isra'ila ba a barinsa ya shiga. Mai zuwa cikin hunturu ya tanadi rigar sanyi, don dusar ƙanƙara tana rufe duwatsun ƙasar. Mafi girma duka shi ne tsaro. A 2024 an yi yaƙi tsakanin Isra'ila da Hizbullah, ya shafi kudancin ƙasar da wasu unguwannin Bairut. Mai hankali zai saurari labarai, ya tuntuɓi ofishin jakadanci, in lokacin bai yi ba ya dakata. Kufan Ba'albak da tsohon garin Jubail sun yi dubban shekaru a wurinsu, za su jira shi.

Abin da ya fi damunmu shi ne tafiyar da ba ta yawon buɗe ido ba. Wasu daga cikinmu sun kusa gama makaranta, kuma akwai dillalai masu zuwa da daɗin baki cewa ga aiki a ƙasar Larabawa. A Labanan masu aikin gida suna ƙarƙashin tsarin kafala, inda izinin zaman ma'aikaciya yake ɗaure da uban gidanta, kuma dokar ƙwadago ba ta kare ta. Wasu akan karɓe musu fasfo. A 2020 sai da gwamnatin Najeriya ta kwaso 'yan mata da aka yi safararsu zuwa can. Wadda ta san ma'anar kafala tun tana gida ba za ta miƙa fasfonta ga dillali don ya ce mata ƙasar Larabawa ce ba.

Mun san da yawanmu ko kuɗin fasfo ba mu da shi yanzu. Amma wannan kashi na shirin kyauta ne. Taswirar da ke ɗakin karatu tana nan, rediyo yana nan. Muna roƙon malamanmu na Larabci da na labarin ƙasa su ware ko da darasi ɗaya a zango su nuna mana yadda ƙasashen Larabawa suka bambanta. Mu kuma ɗalibai, kowa ya zaɓi ƙasa guda ya bincika: su wa ke cikinta, da wane kuɗi suke ciniki, wace magana ce ba a yi wa baƙo uzuri a kanta. Wanda ya rubuto mana nasa, za mu liƙa shi a wannan allo a fitowa ta gaba. Matambayi dai ba ya ɓata.