Hanya Ta Girmi Iyaka

Duk wanda ya buɗe taswirar Afirka ta Yamma zai ga ƙasar Benin a tsaye kamar muciya. Faɗinta a bakin teku bai wuce kilomita 125 ba, amma daga Kwatano zuwa kogin Kwara ya kusa kilomita 700. Sunanta ma na aro ne. Dahome ake ce da ita har 1975, tsohuwar masarautar Benin kuwa a cikin Nijeriya take.

Wa ya yanka ƙasa haka? Ingila da Faransa ne. A 1889 suka ja layi tsakanin Legas da Porto-Novo. A 1894 Lugga da wani hafsan Faransa suka yi tsere zuwa Nikki, kowa yana so ya riga ɗan'uwansa samun hannun sarki a takarda. A 1898 aka zauna a Paris aka raba ƙasar Borgu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa ta faɗa hannun Ingila. Ba a shawarci manomi ko ɗaya ba.

Amma tun kafin a ja layin nan akwai hanya. Fataken Kano da Katsina suna bi ta Nikki da Jugu zuwa Gwanja sayen goro, inda suka yada zango kuma nan unguwa takan tsiro. Hausawan Zongon Kwatano magadan wannan fatauci ne. Kasuwar Misebo da ke daura da su ta yi suna wajen gwanjo tun shekaru da yawa, masu sayen kayan da yawa kuwa daga ƙetaren iyaka suka riƙa zuwa. Abincin gidajensu a kan hanya yake.

Duk da haka akwai masu mulki da suka mai da wannan layi bulala. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 har Disamba 2020 domin hana fasa-ƙwaurin shinkafa. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka toshe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya. Manyan motoci suka yi jerin gwano makonni da yawa, kaya suka ruɓe, talakawa suka koma ƙetare kogi da kwalekwale. Wa ya sha wahala? Waɗanda suka sa hannu a takarda ba su kwana da yunwa ba. Direba ne ya kwana, da ɗan dako, da gwauruwa mai sayar da tuwo a tasha.

Masu goyon bayan rufewa suna cewa ƙasa tana da ikon tsare ƙofarta, fasa-ƙwauri kuma yana kashe manomin gida. Gaskiya ne. Amma babban ɗan fasa-ƙwauri ba ya tsoron rufaffiyar ƙofa, gama ya san hanyar daji, ya kuma san farashin mai gadi. Ƙarami mai biyan haraji shi ake tsayarwa. In ɓera ya shiga rumbu, ba a ƙone rumbu.

Ga shi kuwa akwai wata hanya, an ma riga an gwada ta. Nijar da Benin sun yi shekara arba'in suna jayayya a kan tsibirin Lete a kogin Kwara. Suka kai maganar kotun duniya da ke Heg. A 2005 kotu ta ba Nijar tsibirai 16 har da Lete, ta ba Benin 9, kowa ya karɓa.

Ba wanda yake roƙo a share iyaka daga taswira. Amma layin da baƙi suka ja domin biyan bukatar kansu bai isa ya raba mutum da abincinsa ba. In shugabanni suna da rigima, bari su kai ta teburi ko kotu, su bar wa talaka gada.